Ƙwallon da Ta Wuce Bânio

Lahadi, 2 ga Yuni, da yamma

Yau ƙwallo ta bugi Bânio a ƙirji.

Na rubuta na duba, sai na ga kamar ba wani abu ba ne. Amma duk garin nan an san ƙanena, Libânio Torrão. Ya tsare gida tun daga ƙungiyar garinmu har manyan ƙungiyoyin kudu, kafin gwiwa ta zaunar da shi ya koma koci. An kore shi nan, an kore shi can, ya dawo gida da furfura da karkatattun yatsu, ya karɓi yaranmu. Kuma tun da ya zama koci, ƙwallon da ta fito ta gefen bencinsa ba ta taɓa ƙasa. Cafe ta yake da hannu ɗaya, ɗayan na aljihu, ya miƙa wa mai jifa ko kallonsa ba ya yi. Akwai tsofaffin da wannan kawai ke kawo su filin, don wasan yaranmu dai, Allah na tuba, ba abin kallo ba ne.

Yau ta taho a hankali, irin wadda ni ma da gwiwata mai ciwo zan kama. Bai ɗaga hannu ba sai bayan ta buge shi. Mutane suka yi dariya, shi ma ya yi. Aurora mai kifi ta kwarara masa murya daga sama, da sunan da muke kiran koci a nan: "Mista, tunanin wace bazawarar kake?"

An tashi kunnen doki. Ni ban yi dariya ba.

Talata, 4 ga Yuni, da rana

Ya zuba ruwan inabi a gefen kofi, a kan tebur. Na goge. Ya ce teburin ne ya karkace. Teburin nan tun Baba yana raye yake wurin.

Alhamis, 6 ga Yuni, bayan abincin rana

Tun da matarsa ta rasu yake zaune a ɗakin sama, ni ina ƙasa da gidan abincina. Na san takunsa, na san tarinsa, na san lokacin da yake ƙarya. Yau na lura ya daina kallon mutum gaba da gaba. Sai ya ɗan kauda kai, ya kalle ka ta gefen ido, kamar kaza ta ga tsaba. Jaridar wasanni kuwa yana riƙe ta ne kawai. Na sa masa ido, shafi ɗaya ya riƙe har kofinsa ya huce.

Na ce, "Bânio, me suka ce a kanku?"

"Abin da suka saba."

Shafin da ya buɗe na tseren keke ne.

Asabar, 8 ga Yuni, da safe

Na same shi a bayan gida yana gyara taru. Tarun bikin São Pedro, waliyyin masunta. Na manta sam cewa bikin ya ƙarato.

Ranar ashirin da tara, idan ruwa ya janye, za a kafa filafilai biyu a yashi, a ɗaura musu tsohon taru, ya zama raga. Kowane jirgin kamun kifi ya fito da mutum ɗaya ya buga ƙwallo sau ɗaya. Jirgin da ya fara ci shi ke ɗaukar mutum-mutumin São Pedro zuwa teku a wannan shekara. Ba wasa ba ne. Na ga 'yan gida ɗaya sun daina gaisawa a kan wannan bugu. Kuma mai tsaron ragar, tun da ya dawo garin nan, Bânio ne. Akwai shekarun da ba wanda ya ci shi, dole Fada, limamin cocinmu, ya jefa ƙuri'a.

Na ce, "Bana ka bar wa yaronka Nélio mana. Shi ne golan ƙungiya."

"Nélio? Wannan da ƙwallo ke wuce shi yana gyara gashi?"

"Ka tsufa."

"Kin riga ni, Yaya."

Da yatsu yake laluben ƙullin tarun. Fuskarsa na kallon bango.

Litinin, 10 ga Yuni, da yamma

Mun je Porto, wurin likitar ido. Ya gaya wa Fausto, mataimakinsa, wai haƙori zai cire.

Likitar yarinya ce, sa'ar jikata da ina da jika. Ta yi ta bayani a hankali, ta zana wani abu a takarda. Ta faɗi sunan abin. Ba zan rubuta shi ba. Ta ce ana iya rage masa gudu, da allura. Bânio ya tambaye ta ko ana iya juya shi baya. Ta gyara gilashinta.

A jirgin ƙasa ya ce, "Tsakiya ce kawai, Yaya. Gefe-gefe ina nan lafiya lau."

Na ce to.

"Kada kowa ya ji."

Na ce to.

Ya sayi auduga ya cusa a kunci kafin mu shiga gari, saboda maganar haƙorin. Na so in yi dariya, na kasa.

Talata, 11 ga Yuni, da safe

Na ƙona miyar kabeji. Ni, Graciete.

Laraba, 12 ga Yuni, da la'asar

Na kai wa yaran burodin masara a wurin atisaye, abin da ban taɓa yi ba. So nake in gani da idona.

A bayan raga yake tsayawa, kamar kullum. Sauran koci-koci a gefe suke tsayawa, shi kuwa ya ce wasa daga baya ake karanta shi, don daga nan ya san shi tun yana yaro. Yana tsaye, kai a sunkuye, yana ba da umarni. "Tomé, ka sake buga mini da tsinin ƙafa sai ka koma wa ubanka jan taru." Kuma Tomé ɗin ne. Da kunne yake gane su. Kowa da ƙarar bugunsa.

Na ji daɗi na ɗan lokaci. Sai aka tashi, ya nufi ƙofa, ya yi karo da bokitin ruwa da ke tsakiyar hanya ƙiri-ƙiri. Fausto ya kalli bokitin, ya kalle ni. Na kalli takalmana.

Juma'a, 14 ga Yuni, da rana

Na sake yi masa maganar ragar. Na bi ta ƙasa, na bi ta sama. Na ce gwiwa, na ce shekaru, na ce ka ce musu bayanka ya riƙe.

Ya ajiye cokali. "Kin tuna Kawu Honório?"

Na tuna. Shi ke tsaron ragar São Pedro muna yara. Da ya tsufa hannunsa ya fara rawa, sai mutane suka fara bugo masa ƙwallo a hankali, kai tsaye cikin hannu, su yi ta tafi. Shi kuma yana ɗaga ta sama yana murna. Bânio yana ɗan shekara goma ya koma gida yana kuka, Mama ta ɗauka duka aka yi masa.

"Ya sani, Yaya. Ba golan da ba ya gane ƙwallon tausayi. Tun kafin ta iso hannunka ka san ta. Ya yi musu murnar ne don kada su ji kunya." Ya ɗauki cokalin. "A ci ni goma, na yarda. In janye, a'a. Amma ranar da aka fara bugo mini a hannu, ki kira Fada ya zo da man da ake shafa wa mai mutuwa."

Na ce ya ci abinci ya daina mini surutun banza. Na shiga kicin na tsaya gaban tukunya, ba abin da nake dafawa.

Lahadi, 16 ga Yuni, da yamma

Wasan ƙarshe. Mun ci ɗaya, mun tsira daga faɗawa rukunin ƙasa. Bai tashi daga benci ba ko sau ɗaya. Fausto na gefensa yana magana ƙasa-ƙasa, hannu a baki, tun daga farko har ƙarshe. Ban san me Fausto ya sani ba. Ban san ko Bânio ya san ya sani ba.

Da aka ci ƙwallon, kowa ya miƙe. Shi sai da ya ji ihun.

Litinin, 17 ga Yuni, da safe

Saura kwana kaɗan bikin ya zo.

Talata, 18 ga Yuni, da la'asar

Ya ce in raka shi bakin teku, can bayan duwatsu inda ba kowa. Ya zo da ƙwallo a jaka. Ya zana layi a yashi da diddige, ya tofa yawu a tafin hannu, duk yadda ya saba.

Ni na fara buga masa ƙwallo a duniya. Ba wanda ya tuna wannan sai mu biyu. Jikin bangon rumbun gishiri, da ƙwallon tsumma, ni da siket ɗina a ɗaure. Har Mama ta hana, wai ba mai auren yarinyar da ƙafarta ta yi kanta. Kullum ƙasa ta hagunsa nake bugawa, kullum yana kamawa. Ya ce bai taɓa kallon ƙwallo ba, ƙugun mai bugu yake kallo, ƙugu ba ya ƙarya.

Yau na buga masa. Ya kama ta farko, ya kama ta biyu, don ya san inda nake bugawa. Ya ce, "Canza." Ban canza ba. Ya ce, "Yaya, canza." Na ce gwiwata ba ta juyawa can.

Ya tsaya da ƙwallon a hannu ya daɗe. Sannan ya ce mu tafi, iska ta taso.

Alhamis, 20 ga Yuni, da safe

Ban yi barcin kirki ba. Abin da nake ta gani shi ne ɗan gidan Caetano, wannan ƙaton da ke buga ƙwallo kamar yana jin haushinta. Bara sai da ya tsinka tarun. Idan ta nufi fuska fa? Mutumin da bai ga bokiti ba.

Likita ta ce ya guji bugu a kai. Shi bai ji wannan ba, ko ya yi kamar bai ji ba. Ni na ji.

Alhamis, da yamma

Na je gidan Fausto. Ba zan rubuta abin da na ce masa ba. Na dai sa ya rantse da kabarin uwarsa cewa daga shi sai ɗan Caetano za su sani.

Asabar, 22 ga Yuni, da rana

Aurora ta ƙara mini kifi a kan wanda na saya, ba ta yi ciniki ba. Matar da za ta yi rigima da kai a kan ƙashin kifi. Ta riƙe mini hannu ta ce, "Yaya Mista?" da wata irin murya.

Na ce, "Yana nan yana cinye mini abinci. Me ya faru?"

"Ba komai, 'yar uwa. Ba komai."

Uwar Fausto tana kabari tana ji, ina fata.

Lahadi, 23 ga Yuni, bayan coci

Senhor Custódio, shugaban ƙungiya, ya tare mu a ƙofar coci. Ya kama Bânio a gwiwar hannu wai zai sauko da shi daga matakala. Matakala uku. Bânio ya zare hannunsa a hankali.

"Mista, muna tunanin wani muƙami na girmamawa. Ka huta, ka riƙa ba mu shawara."

"Na yi laifi ne, shugaba? Mun tsira fa."

"Haba, wane laifi? Gata ne."

Muka kama hanyar gida. Maza a ƙofar shagon kofi duk sun gaishe shi, kowa na faɗin sunan kansa. "Ni ne Abílio, Mista." "Rogério ne, barka da Lahadi." Mutanen da ya sani tun suna tsirara a bakin ruwa.

Da muka shiga gida ya ce, "Garin nan ya yi ladabi kwana biyu." Ya hau sama.

Litinin, 24 ga Yuni, da safe

Bai tambaye ni ba.

Talata, 25 ga Yuni, da safe

Bai tambaye ni ba. Gara ya zage ni.

Laraba, 26 ga Yuni, da la'asar

Na koma wurin Fausto na ce su bar abin da suke shiryawa, ko ma mene ne. Ya ce ba wanda ya shirya komai, Dona Graciete, kowa dai ya ji, kuma kowa na son Mista. Na ce to su buga masa da gaske, amma ƙasa-ƙasa, ban da fuska. Ya ce zai faɗa musu. Ya faɗa da irin muryar da nake ce wa mai shan miya gishiri ya ji.

Ni kaina ban san me nake so ba. Kada su ji masa ciwo. Kada su tausaya masa. Ina hanya ta uku?

Na biya ta wurin jirgin Baba. Gaivota tana nan a kan yashi inda ta kwanta tun rasuwarsa, ciyawa ta fito ta cikinta. Har yanzu ana kiran sunanta a ƙarshen jerin jirage ranar biki, don ba a cire sunan jirgi sai gidan ya ƙare. Kowace shekara ni ke amsawa daga cikin mata: "Mun yafe." Na zauna a gefenta har ƙafata ta yi sanyi.

Juma'a, 28 ga Yuni, da yamma

Ya wanke safar hannunsa ya shanya a taga. Ya ci kifin sadin shida da burodi. Ni ko ɗaya.

Ya ce, "Gobe ki sa takalmin kirki, yashin da laima."

Me ya kawo maganar takalmina?

Asabar, 29 ga Yuni, da yamma

Dole in rubuta wannan.

Ruwa ya janye da hantsi. Gari duka ya sauko, ƙanshin gashin kifi ko'ina, São Pedro a kan teburinsa da furanni. Bânio ya shiga raga. Ya taɓa filafilin dama, ya taɓa na hagu, ya ja layinsa da diddige, ya tofa yawu. Aka yi tafi. Tafin ya yi tsawo fiye da kima.

Rogério ya fara. Ya ja baya da nisa, ya zo a guje kamar zai fasa duniya, ya tura ƙwallon a hankali tsakiyar raga. Ta faɗa cikin cikin Bânio. Ihu ya tashi. "Mista! Har yanzu da sauransa!"

Bai ɗaga ta sama ba. Ya mirgina ta ta koma.

Na biyu haka. Na uku ya yi tari kafin ya buga, don a ji inda yake. Ɗan Caetano, ƙaton nan, ya buga ta can sama ta faɗa ruwa, ya riƙe kai wai baƙin ciki. Wallahi ko yaron goye ba zai yarda ba. Jirgi bayan jirgi. Mazan da suka shekara suna mafarkin ɗaukar Waliyyi, kowa ya zo ya ajiye rabonsa a hannun ƙanena. Don suna son sa. Na san don suna son sa ne. Aurora na kuka a gefena tana cewa kin ga mutanen kirki.

Ni kuwa kafaɗunsa nake kallo. Da kowace ƙwallo suna ƙara sauka. Wajen ta ƙarshe ya fara murmushi, ya ɗaga wa mutane hannu. Murmushin Kawu Honório. Ni na jawo masa wannan.

Fada ya ɗauko hular ƙuri'a. Mai shela ya karanta sunan ƙarshe don cika al'ada, ko kai bai ɗaga ba. "Gaivota."

Bakina ya buɗe zai ce mun yafe. Sai na ji na ce, "Ga ni."

Aka yi dariya. Na ɗaure siket. Wani ya ce, "Dona Graciete, a yi a hankali da gwiwa." Na ce ya kula da ta uwarsa. Na ajiye ƙwallon da kaina.

Bânio ya daina murmushi. Ya kauda kai gefe, ya neme ni da gefen idonsa, ya durƙusa kaɗan, ya buɗe hannuwa. A ranar nan duka, sai yanzu ya tsaya tsayuwar gola.

Na san inda zai faɗa. Tun muna yara can yake faɗawa. Da na buga can, da ya kama da kyau, da gari ya ɗauke shi a kafaɗa, da ba wanda ya gane sai shi.

Na buga ƙasa ta damansa, da duk ƙarfin da ya rage mini.

Ya tafi hagu. Ya miƙe jikinsa duka a iska, mutum mai furfura, ya faɗi a yashi. Ƙwallon ta shiga ta ɗaya gefen, tarun ya motsa.

Ba wanda ya yi tafi. Na ji Aurora ta ce, "Ke kuwa wace irin mace ce?"

Ya daɗe a kwance, fuska a yashi. Fausto ya yunƙura, na ce masa ya tsaya inda yake. Bânio ya tashi da kansa. Ya kakkaɓe, ya shiga raga yana lalube da ƙafa har ya sami ƙwallon, ya fito da ita. Ya juyo wajen jama'a ya ce, da muryar atisaye, "Mace ɗaya ce ta buga ƙwallo a garin nan yau. Ku ɗauki Waliyyi ku kai mata."

Gaivota ba ta iya shiga ruwa. Sai suka ɗora São Pedro a cikinta, a kan yashi, cikin ciyawa, Fada ya yi addu'arsa a nan. Ban ji ko kalma ɗaya ba.

Lahadi, 30 ga Yuni, da safe

Gwiwata ta kumbura kamar burodi. Ya sauko da wuri, ya zauna, na zuba masa kofi. Safar hannun ba ta taga. Ban tambaya ba.

Ya ce, "Kin ce gwiwarki ba ta juyawa can."

"Jiya ta juya."

Ya juya kofin a hannu. "Yaya, ba ni labarinta. Ban gan ta ba. Ko kaɗan ban gan ta ba."

Karo na farko ke nan da ya faɗa da bakinsa. Na zauna na gaya masa: ƙasa-ƙasa, taku biyu daga filafili, ta ɗan yi tsalle a yashi kafin ta shiga.

"Da da ne, zan kama ta?"

Na so in ce a'a. Na so in ce ko a zamaninka na kudu ba ka taɓa ta.

Na ce, "Da hannu ɗaya. Ɗayan na aljihu."

Ya gyaɗa kai. "Haka na ji a ƙararta."

Ya shanye kofinsa. Ƙararrawar coci ta buga, ya sa hula, muka fito. A bakin ƙofa, ga mazan shagon kofi a zaune suna kallo, ya miƙo hannu ya kama gwiwar hannuna.

"Ki riƙa faɗa mini idan akwai matakala," in ji shi. "Amma kada ki yi mini wannan muryar ta Aurora."